Malam Uwaisu da Ƙwaryar Inna Bara'atu

Malam Uwaisu ba ya komawa barci bayan sallar asuba. Yakan zauna a dakalin zaurensa, can bayan tashar Batsari, ya jawo dutsen washi tsakanin ƙafafunsa, ya yi ta goga aska da wani tsohon cokali da ya mayar makankari. Matarsa Zuwairatu ta kawo koko ta ajiye, kokon ya huce, ta zo ta ɗauke tana ƙunƙuni, ta ɗumama ta sake kawowa. Shi jira yake hantsi ya leƙo ta ƙofar zaure. Da ya leƙo sai ya ɗauko ƙwarya, ya kankare cikinta kaɗan, ya ɗaga ta sama ya dubi rana ta jikinta, ya sauke ya ƙara kankara. Haka zai wuni, ɗagawa da saukewa, har wuyansa ya ƙage, har la'asar ta janye hasken daga ƙofar. Shekaru ina wucewa ina ganinsa a haka. Yanzu ya ajiye aska, don idonsa ya ƙi.

Ni kuwa na gaji da rubuta ta'aziyya. A 'yan shekarun nan, duk wanda ya ga na ɗauki alƙalami a yankin nan namu ya san wani aka kashe, ko wani aka ɗauke, ko wani gari ne ya tashi. Mun ƙware wajen yabon mutum bayan an dawo daga maƙabarta, lokacin da yabon ba zai ƙara masa ko loma ɗaya ba. Wannan karon ina so in yabi wanda zai ji da kunnensa, ya ce mini na cika surutu.

Wanda bai taɓa shiga zauren ba zai ce wane irin aiki ne wannan. Hoto yake sassaƙawa a cikin ƙwarya, amma ba irin zanen da muka saba gani a bayan ƙoren amare ba. In ka riƙe tasa a hannu ba za ka ga komai ba, waje sumul, ciki kuwa duk tudu da kwari. Sai an kifa ta a bakin wani akwatin katako da ya haɗa da hannunsa, an danna makunni, haske ya taso daga ciki. Inda ya kankare sosai sai ya yi fari, inda ya bar kauri ya yi duhu, tsakaninsu kuma inuwa iri-iri. Nan take sai ga gida, ga rumbu, ga rijiya da gugarta, ga hanyar da ta bi ta gindin kuka.

Asalinsa gyartai ne, ɗan gyartai. Ya tashi yana bin kasuwannin Batsari da Safana da basilla da zaren kaba, yana ɗinke wa mata fasassun ƙore. Roba da silba suka zo suka cinye sana'ar ba tare da ko sallama ba, sai ya koma gyaran tocila a gefen kasuwa, irin 'yan tocilan nan masu araha da ba sa ganin ƙarshen damina. Amma hannun gyartai bai bar shi ba. Shi gyartai in zai nemi tsaga, ɗaga ƙwarya yake ya duba ta a rana. Wata rana aka kawo masa tsohuwar ƙwaryar nono da ludayi ya cinye gindinta. Ya ɗaga, bai ga tsaga ba, sai ya ga rana ta ratso ta wurin da ya yi siriri, jaja-jaja kamar zuma. Ya ce ya daɗe riƙe da ita a sama har mai ƙwaryar ta tambaye shi ko lafiya.

Sassaƙar ba ta ba shi wahala kamar akwatin ba. Wanda ya ga wannan wahalar tun daga tushe shi ne Sagiru mai cajin waya, wanda rumfarsa ke kallon zauren, magidanci mai bakin tsiya da zuciya mai kyau. Shi ke tara masa matattun tocila da fitilun caji da mutane suka jefar.

"Na farkon nan, wallahi dariya muka sha," in ji Sagiru. "Ya ɓamɓaro 'yan ƙwayayen nan na LED, ya jera su cikin akwatin tumatir, ya kifa ƙwarya, muka kunna. Sai ga ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda. Hoton da ya daɗe shina kankara, ko alama babu. Na ce Baba, ka koma ga tocilarka mana, wannan ai wasan yara ne. Ko kallona bai yi ba."

Bai koma ba. Ya gane ƙwayayen sun matsa wa ƙwarya da yawa, ya zurfafa akwatin. Ɗigon ya ragu amma bai tafi ba, har ran da Zuwairatu ta yar da wata farar jarka da ta huje, ya yanko gefenta ya sa tsakanin fitila da ƙwarya, hasken ya watsu ya kwanta luf. Daga nan kuma sabbin matsaloli suka yi layi. Zafi ya taru a ciki ya tsaga masa ƙwarya mai kyau, sai da ya huda ramuka a bayan akwatin. Gara ta shiga katako, ya koma shafa masa baƙin mai. Wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta a garin nan, don haka ya koma tsofaffin batiran waya, waɗanda ko 'yar ƙaramar sola ta ishe su. Yatsunsa har yau akwai tabon dalma a kansu. Duk wannan ba wanda ya koya masa, ba kuma wanda ya ce masa sannu.

Da a ce zaman lafiya ake yi, da watakila abin ya tsaya a kayan ƙawa na ɗakin amare. To amma lokacin da akwatin ya zauna daidai, lokacin ne ƙauyuka suka fara zubowa cikin gari, tabarmi da tukwane a bayan babura, tsofaffi a tsakiya. Wanda ya gudo ba ya tsayawa ɗaukar hoto. Kuma a da can, wa zai ɗauki hoton gidansa? Gida ai yana nan, ka fita ka dawo ka tarar da shi. Sai da aka kwana biyu a azuzuwan makaranta da kangayen mutane, sannan kowa ya fara lura cewa abin yana dushewa a kansa.

Ɗan'auta, wani manomi daga wani ɗan ƙauye kusa da Darini, wanda yanzu dako yake yi ranar kasuwa, yana cikin na farko da suka zo. Ya gaya mini yadda suka yi.

"Na yi ta zuwa ina komawa, tambaya kawai shike yi mani. Bakin rumbu ina ya duba? Kukar nan tana da kogo? Katangar ta ina ta zube? Har na ce Malam, kai alƙali ne? Ran da ya kunna, sai ga dutsen da nike takawa in hau rumbu. Ni ban ma san na hwaɗa mashi ba."

Sagiru ya ce ranar Ɗan'auta zama ya yi a ƙasa, ya cire hula ya riƙe, har aka kira la'asar.

Abu ɗaya ne Malam Uwaisu ba ya yi, ba ya sassaƙa mai rai. Ba mutum, ba dabba, ko tsuntsu. Tun farko ya tambayi malamai, ya ɗauki abin da zuciyarsa ta kwanta da shi, bai kuma taɓa yi wa kowa wa'azi a kai ba. Wata mata da aka kashe mijinta a gona ta zo tana so a fitar mata da fuskarsa. Ya ba ta haƙuri, ya tambaye ta inda yake zama in ya dawo aiki. Ya sassaƙa mata gindin darbejiya da buzu a shimfiɗe, da buta a gefe, da fartanya a jingine. Ta ce ya isa, ta gane shi.

Kai ne ka zauna ka saurari mutanen da kowa ya gaji da sauraronsu, Malam Uwaisu. Mu 'yan gari mun yi tausayi a shekarar farko, a ta biyu muka fara cewa haya ta yi tsada saboda su, a ta uku muka daina tambayar daga wane ƙauye mutum ya fito. Kai kaɗai ka rage mai tambayar mutum ta ina katangarsa ta zube, kuma da gaske kake son jin amsar. Gyartai ɗan gyartai, da ƙore suka daina zuwa sai ka koma ɗinkin wani abu da ya fi su fashewa.

Ciwon idon, da ciwon kai ya fara. Daga nan ya riƙa tuntuɓe da abin da ke gefensa, buta, kujera, ƙafar baƙo. A asibiti a Katsina aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi ke nan, saura a lallaɓa ragowar da magani. Ya ce mini duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta kafar makulli, kuma kafar kullum ƙara tsukewa take. Zuwairatu ta kwashe asake da cokalin ta ɓoye a ƙasan gado. Ya yi zaune a dakali hannu rabbana, ba magana, ba faɗa. Da kanta ta dawo masa da su.

"Shirun nan nashi ya fi ƙarar kankara damuna," in ji ta. "Amma na ce mashi, Malam, ka gama abin da ke hannunka ka tsaya. Ragowar idon nan ka bar shi ka riƙa ganin hanyar masallaci."

Ya yarda. Ya gama, ya daina karɓar aiki. A wannan halin ne Inna Bara'atu ta yi sallama, kuma ina zaune a zauren ranar.

Tsohuwar Bafulatana ce, doguwa, busasshiya, daga wata ruga da ke bayan Babban Duhu ta ƙasar Safana. An kore musu shanu kaf, aka ce su tashi, suka taso. Tana zaune a wani kango a bakin gari tare da jikokinta. Abin da ta fito da shi a ka ranar gudu, ƙoren nono ne guda biyu, ɗaya a cikin ɗaya, gadon uwarta. Wanda ya san Fulani ya san mace ba ta rabuwa da irin waɗannan. Ko yunwa ta kai ina, akan sayar da zane a bar ƙwarya.

Aka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da yara da jiki da ruwa. Sannan ta kwance ɗaurin, ta tura masa ƙwarya ɗaya gabansa.

"Malam, jikata Muhsina ta tambaye ni mine ne dangwali."

Dangwali shi ne doguwar igiyar nan mai zarge-zarge da ake ɗaure maruƙa a jere in za a yi tatsa. A ruga, yaro yana rarrafe yake saninsa.

"Ɗiyar Fulani fa, Malam," ta ce. "Na buɗe baki in gaya mata, na duba dama na duba hagu, na rasa abin da zan nuna. Tana goye muka fito, ba ta san komi ba sai kangon nan. Ka sa mani rugarmu cikin wagga ƙwarya, ta ga inda aka haife ta."

"Inna, ido ya yi rauni. Kuma ni ban sassaƙa shanu."

"Shanun ai sun tafi. Wa ya ce ka sa abin da babu? Ka sa wurinsu."

Ya ɗauki ƙwaryar ya shafa, ya sansana. Shekaru da shekaru na nono da man shanu sun jiƙe ta, irin wadda haske ke so ke nan, irin wadda ya fara gani a kasuwa. Daga cikin gida na ji Zuwairatu ta ajiye muciya da ƙarfi. Ta riga ta san ya karɓa.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Na ji da kunnena wani maƙwabci yana ce masa, Fulanin nan su ne fa suka raba mu da gonakinmu, yanzu kuma za ka ƙarar da idonka a kansu. Malam Uwaisu bai ɗaga kai daga aiki ba, ya ce, "Wadda ta raba ku da gona ce ke kwana a kango?" Maƙwabcin ya kaɗe riga ya tafi, ya kuma daɗe bai gaishe shi ba.

Ya yi mata tambayoyi kamar yadda ya saba. Bukkoki nawa ne, marken da ke wurin ta ina ya karkata, hanyar rafi ta ina ta fita, dangwali tsawonsa ya kai ina. Ta amsa duka. Ya duƙufa, hancinsa kusan yana taɓa ƙwarya, yana yi yana hutawa, hawaye na zuba ba don kuka ba. Makonni suka shuɗe. Da ya gama ya aika mata, ta zo bayan azahar, aka tura ƙofar zaure, aka rataya zane a taga, ya kifa ƙwaryar a kan akwati ya danna makunni.

Ni dai ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Ga bukkoki, ga marke, ga hanya tana sulalewa. Na buɗe baki zan ce masha Allah, sai na lura Inna Bara'atu ba ta motsa ba.

"Wannan gidan wane ne?" ta ce.

"Naki ne, Inna."

"A'a." Ta matso, ta ƙura ido. "Kai Kaɗo, wa ya gaya maka ana ba shanu baya?"

Kaɗo shi ne sunan da Fulani ke kiran Bahaushe da shi, yawanci cikin wasa. Ranar ba wasa a muryarta. Ashe makwancin shanu da dangwali ya sa su a bayan bukkoki, inda duk Bahaushe manomi ke kafa turken dabbobinsa, nesa da idon baƙo. A rugarsu kuwa ƙofar bukka shanu take kallo. Mace in ta buɗe ido, su ne farkon abin da za ta gani, dangwali na tsakaninta da su. Ita ba ta faɗa ba, don a wurinta wannan ba abin faɗa ba ne. Shi bai tambaya ba, don a wurinsa wa zai ajiye kashin dabba a ƙofar ɗaki. Ya tambayi komai da komai, ya bar wannan.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Abin da aka kankare daga ƙwarya ba ya komawa. Ta ɗauki abarta ta juya ta a hannu, ta duba cikin da ya zama tudu da kwari, wanda ba zai ƙara riƙe nono ba, kuma bai zama rugarta ba. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, ka wahala." Ta naɗe a zane ta fita.

Ranar bai ci abinci ba. Zuwairatu ta ce masa ya yi iyakar yinsa, laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ya ce ba maganar laifi yake ba, maganar yarinyar yake, za ta girma tana zaton iyayenta a bayan gida suke ajiye shanu. Kashegari ya sa Sagiru ya rufe rumfa ya goya shi a babur zuwa kangon. Sagiru ya ce shi kunya ma ta hana shi shiga, daga bakin ƙofa ya tsaya yana ji.

"Inna, na zo roƙon ɗayar."

Ta ce, "Ita kaɗai ta rage. In ka ɓata ta, ba ni da abin da zan bar wa Muhsina, ko ƙwarya ko ruga."

"Na sani."

"Idonka fa?"

"Shi ma na ƙarshe ne, Inna."

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Bayan kwana biyu sai ga ta da hantsi, ƙwarya a ka, da 'yar ledar tsakuwa da kara a hannu. Ta ce wannan karon ba za ta amsa tambaya ba, ginawa za ta yi. Ta share tsakiyar zauren, ta jera tsakuwa a matsayin bukkoki, ta kafa kara a matsayin marke, ta miƙa zare a gabansu, ta zagaye makwancin shanu da yatsa. Ta kama hannunsa ta bi da shi a kan kowane abu, kamar yadda ake nuna wa baƙo gida.

Daga nan aikin ya zama na mutum biyu, don idonsa ya kai inda ba ya iya bambance kauri da siranta a rana. Shi ya kankara, ya matsa wurin tsakanin yatsa da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara, sannan ya ɗaga sama. Ita ta duba ta ce ƙara, ko ta ce ya isa. Damina ce, wasu ranakun hadari ya rufe rana, sai su kifa ƙwaryar a kan wani tsohon akwati su ci gaba. Na sha wucewa in tarar da su duka biyu sun yi gyangyaɗi, shi da cokali a hannu, ita ta jingina da bango, ƙwarya a tsakaninsu. Tsofaffi biyu da duniya ta gama gajiyar da su, ba wanda ya sa su, ba kowa ma ya san suna yi ba.

Dangwalin ne ya fi tsayar da numfashi. Igiya ce siririya, dole a bar ta da kauri a kankare gefe da gefe, sannan ga zarge-zargen, kowanne bai kai ƙwayar gero biyu ba. Da hannu ya kauce, an gama. Kuma ya kauce sau ɗaya, Allah ya sa ba a kan igiyar ba. Yana share sararin sama da ke bisa bukka, bakin aska ya ɓulla waje. Ya ji a yatsansa kafin kowa ya gani, ya ajiye askar. Inna Bara'atu ta karɓa ta ɗaga, rana ta tsargo ta 'yar hudar. Ta duba ta sake dubawa.

"Bar shi," ta ce. "Gamzaki ne, tauraron asuba. Da shi muke tashi. Ci gaba."

Da aka zo haɗa akwatin kuwa, Malam Uwaisu bai iya ganin wayoyinsa ba sam. Sagiru ne ya riƙe dalma, shi yana faɗa masa inda za a sa, yana bi da yatsa yana cewa a sake. Zuwairatu, wadda ta rantse ba ruwanta da wannan aikin, ita ta yanko jarka ta goge ta da yashi.

Ranar kunnawa ma bayan azahar ce. Inna Bara'atu ta ƙi zuwa da yarinyar, ta ce sai ta fara gani da idonta. Aka tura ƙofa, aka rataya zane, Malam Uwaisu ya laluba ya danna makunni. Haske ya taso. Ta durƙusa gaban akwatin, ta kai yatsa kan igiyar, ta tsaya a zargen farko, wanda babu komai a cikinsa.

"Nan ɗiyar Saye," ta ce a hankali. Ta matsa. "Nan ta Wule, mai cin igiya. Nan ɗan Ɓale, ba shi sha sai an riƙe uwar."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen igiyar, kowane da sunan uwarsa da halinsa. Sagiru, mai bakin tsiyar nan, ya juya fuska bango. Da ta gama ta goge ido da gefen mayafi, ta waiga.

"Malam, ka gani?"

"Haske nike gani, Inna, jaja-jaja. Ya yi?"

"Ya yi, Kaɗo. Useko, na gode."

Ya gyaɗa kai. Ya tattara asake da cokalin ya miƙa wa Zuwairatu da hannunsa, wannan karon ba sai ta ɓoye ba.

Na gode maka, Malam Uwaisu. Na gode a madadin Ɗan'auta, da matar da ta gane mijinta a buzu da buta, da duk wanda ya shigo zaurenka da ƙauye a kai ya fita da shi a hannu. Na gode don ka yi kuskure ka koma ka roƙa, da shekarunka, da idonka a haka, alhali kana iya cewa ka yi iyakar yinka kowa ya yarda. Allah ya tsare maka ragowar ganin, ya saka wa Zuwairatu da ta jure ƙarar kankara da ƙurar ƙwarya a cikin tuwo.

Ku kuma da kuke karantawa, ban ce ku yi masa biki ba, ba ya so, kuma mun gaji da taron da ba ya haifar da komai. Ido ne ya tafi, hannu yana nan, kuma ya ce duk wanda ya zo zai kama hannunsa ya nuna masa. Muna da samari da 'yan mata da suka iya warware waya su mayar, a samu ko mutum ɗaya ya je ya zauna. Wanda ba zai iya wannan ba, ya kai wa Sagiru matacciyar tocilarsa maimakon ya jefa a kwata. Wanda ko wannan ta gagare shi, akwai ɗan gudun hijira a layinsu, ya tambaye shi yadda gidansa yake, ya kuma tsaya ya ji har ƙarshe. In kuwa kanka na yawan ciwo kana tuntuɓe da abin da ke gefe, ka je a duba idonka tun da sauran gani.

Saura magana ɗaya, taka ce, Malam. Shekaranjiya na bi ta kangon nan da rana. Akwatin yana kan wani bulo a lungun da ya fi duhu, a kunne. Muhsina ta tara 'ya'yan maƙwabta, 'yan gari, sun yi cirko-cirko, ta hana kowa taɓawa. Ta sa yatsa a kan igiyar ta ce musu, "Wannan dangwali ne. Namu ne. Shanu nan suke kwana, gaban ƙofa." Na ce bari in zo in gaya maka, tunda kai ba ka gani ba.